Kwandon da Aka Maido wa Ama

Lahadi, 3 ga watan Mangsir, ƙarfe shida na safe

"Didi, ki kwantar da hankalinki. Duk takardar da likita ya ba mu, ke za ki fara gani. Ke ce mai karatu a gidan nan, mu me muka sani?"

Maganarka ce, Tekbir, mijin ƙanwata, kai da kake ce mini Didi, wato yaya. A bakin ɗakin tiyata ka faɗe ta, hularka a hannu, ƙanwata tana ciki ana yanka ta. Yau kwana ashirin da biyu ke nan. Ko yagaggen gefen takarda ban gani ba.

Zan rubuta sunan ciwon sau ɗaya a littafin nan, ba zan ƙara ba: sankarar mama. An cire wa Kanchi, autarmu, na hagu. Shekararta arba'in da uku.

Abin da na gani a maimakon takarda shi ne kwando. Makon jiya Ama, uwarmu, ta shanya kinema, daddawar waken suya, mudu biyu, ta jera a kwandon gora, ta aika wa 'yarta tsaraba, kamar yadda ta saba kowace kaka tun da aka kai Kanchi tsallaken kogi. Jiya direban jif ya dire kwandon a ƙofarmu, a cike yadda ya tafi. Bai iya kallon Ama ba. Ƙasa yake kallo ya ce, "An ce a gaya wa tsohuwa kada a sake aiko da wannan. Wai shi ya jawo ciwon."

Ama ta ce masa, "Zauna ka sha shayi."

Abin da ta ce ke nan. Shekara hamsin tana dafa waken suya, tana daka shi, tana rufe shi a saman murhu har ya yi yauƙi. Da shi ta raine mu bayan rasuwar babanmu, da shi na yi karatu. Yanzu an aiko mata ta bakin direba cewa guba take dafawa.

Na hamɓare kwandon ya shige ƙarƙashin matakala. Can zai zauna.

Litinin, 4 ga Mangsir, da yamma

Ama ba ta ci ba.

Laraba, 6 ga Mangsir, ƙarfe ɗaya, ɗakin malamai

Na kira wayar Kanchi. Tekbir ya ɗauka. Karo na biyar ke nan shi yake ɗauka.

Juwai muke ce wa suruki. Na ce, "Juwai, wayar ƙanwata ta koma aljihunku ne?"

Ya ce, "Barci take, Didi."

"Jiya ma barci, shekaranjiya barci. Ita kaɗai ce a duniya magani ke sa wa barci daidai lokacin da yayarta ta kira. To, wane likita ne ya ce kinema ce?"

Ina jin ana loda lemu a bayansa, akwatuna suna ƙara. Sannan ya ce ai kowa ya sani, ya gani a waya, wani mutum mai farar riga ya yi bayani: waken suya yana ɗauke da sinadarin mata, shi ke ciyar da ciwon.

Na ce, "Mai aski ma farar riga yake sawa. Likitan da ya yi mata aiki nake tambaya. Shi ya faɗa?"

"Didi, layin yana yankewa."

Layin lafiyarsa lau. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da shekara ashirin yake suɗe kwanon miyar kinema a gidanmu har yana neman ƙari, yau shi ne ya gano guba. Me ya sa yanzu? Kuma me ya sa da gaggawa haka, tun ɗinki bai warke ba?

Juma'a, 8 ga Mangsir, bayan kasuwa

Wurin da Ama take sayar da kinema a ƙarƙashin bishiyar kasuwa babu kowa. Dutsen da take zama a kai yana nan, wani ya ɗaure akuya a jikinsa.

Sukmati mai barkono, wadda suke zama kafaɗa da kafaɗa tun ina goye, ta jawo ni gefe tana raɗa kamar mai sayar da kayan sata.

"Malama, da gaske ne? Mata biyu sun zubar da tasu a rafi. Surukata ma ta hana a dafa."

Na ce, "Inna Sukmati, shekararki nawa?"

"Oho. Saba'in da wani abu."

"Sau nawa kike cin kinema a mako?"

"In akwai, kullum."

"To duba cikin rigarki, suna nan ko sun gudu?"

Ta kwashe da dariya har da dukan cinya. "Suna nan, sai dai sun sauka ƙasa neman ruwa!" Sai dariyar ta ɗauke, ta ce, "Amma fa surukinku ne ya faɗa da bakinsa, a wajen awon lemu, gaban mutane."

Ashe ba saƙon cikin gida ba ne. Shela ya yi. Mutum ba ya yin shela a kan ciwon matarsa sai in akwai abin da yake son shelar ta rufe.

Ita ma Sukmati ban yarda da ita ba. Ta yi saurin gyara tabarmarta ta ci rabin wurin Ama.

Asabar, 9 ga Mangsir, da hantsi

Babu makaranta. Tun safe nake karatu a waya har idona ya yi ja. Tarihi nake koyarwa, ba aikin likita ba, amma shekara ashirin da shida ina koya wa yara tambaya biyu: wa ya faɗa, kuma yaushe? Na yi wa waken suya tambayoyin nan.

Ga abin da na samu. Tsoron ya taso ne daga ɓerayen gwaji da aka ɗura wa sinadarin da aka tatso daga waken. Da aka bi mata, mutane masu jini irin namu, dubu-dubai, shekara da shekaru, a ƙasashen da ake cin waken tun yarinta, ba a ga masu ci sun fi sauran kamuwa ba. A wasu binciken ma sun ɗan fi sauran tsira. Waɗanda suka riga suka kamu suka ci gaba da ci, ba a ga ya ƙara dawo musu da ciwon ba.

Na shiga ɗakin Ama na karanta mata, ina fassarawa a hankali. Tana kwance fuskarta na kallon bango.

Da na gama ta kira ni da sunan 'yar fari, ta ce, "Jethi, ke da littattafanki."

"Ama, ba nawa ba ne. Likitoci ne."

"Juwai ya faɗa."

"Juwai lemu yake sayarwa!"

"Kada ki ɗaga murya a kan mijin ƙanwarki." Sai can ta ce, "Ita ta fi ki son ta. Tun tana rarrafe take sa hannu a kwando. Ni nake ba ta. Da hannun nan."

Ta ɗaga hannun tana kallonsa kamar na wani.

Wannan ce matsalar. A gidan nan suruki ba mutum ba ne, baƙo ne daga sama. Shi ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma, shi ake zuba wa a kwanon tagulla, Ama ba ta taɓa ce masa "kai" ba, sai "ku". Abin da bakinsa ya ɗaure, bakina ba ya kwancewa, ko da zan karanta mata duk littattafan duniya.

Litinin, 11 ga Mangsir, da safe

Shayi rabin kofi. Kunun tamba cokali uku. Ta sa na sauke kwandunan da ke saman murhu. Katakon ya yi fari a inda suke zama.

Talata, 12 ga Mangsir, da yamma

Akwai wata magana ta bara da take ta zuwa mini. Ba zan rubuta ta ba. Ba ta da alaƙa da wannan.

Alhamis, 14 ga Mangsir, ƙarfe biyar na yamma

Na bar aji na hau jif, awa biyu, na tsallaka kogi ba tare da na sanar ba.

Kanchi tana zaune a rana a tsakar gida, an lulluɓe ta da bargo. An yi mata ƙarin ruwan magani na farko, gashin ya fara zuba, ta ɗaura ɗankwali har gira. Da ta gan ni ta yi murmushi ta ce, "Didi, kin zo duba jarrabawa?"

Ban kai ga zama ba sai ga Tekbir, ko daga ina ya ɓullo oho, ya jawo kujera ya dasa a tsakaninmu. Awa biyu da rabi na yi a gidan. Ko bayan gida bai je ba. Mutumin da lemunsa ke jiran mota.

Na ce, "Juwai, takardun fa?"

"Suna asibiti, Didi. Fayil ne, ba sa bayarwa."

"Ba sa bayarwa. To kwafi?"

"Injin ya lalace."

"Layi yana yankewa, inji ya lalace. Ku yi hattara kada motar lemu ma ta kamu."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Na tambayi Kanchi, a gabansa, ko ita ta ce a mayar da tsarabar Ama. Ta dubi mijinta, ta dubi hannunta. Ta ce, "Ni ban taɓa mayar wa Ama kwando babu komai a ciki ba, Didi. Kin sani."

Raina ya ɓaci. Na ce ai na gani, a cike ya dawo, an gode. Ta buɗe baki za ta ƙara, shi kuma ya miƙe ya ce iska ta fara kaɗawa, a shiga da ita ciki.

A hanya ina ta saƙe-saƙe. Har da ita a ciki? Ita ma ta yarda uwarta ce ta ba ta ciwon? Ko tsoronsa take ji? Bai taɓa dukanta ba, wannan na sani. Ko dai ban sani ba. Yau ban san me na sani ba.

Juma'a, 15 ga Mangsir

Ban je kasuwa ba. Ama ta tambaye ni ko Kanchi ta rame. Na ce a'a. Ta ce, "Ƙarya ba ta karɓe ki ba tun kina ƙarama."

Litinin, 18 ga Mangsir, cikin motar dawowa, wajen la'asar

Na sauka birnin Dharan, inda babban asibiti yake, da motar farko. Na zauna a benci awa huɗu kafin likitar da ke kula da Kanchi ta leƙo. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗalibaina na farko ba, idonta duk gajiya. Ta ce ba za ta buɗe mini fayil ba sai mai shi ta yarda. Na ji haushi, amma gaskiyarta.

Na ce, "To tambaya ɗaya, ba ta fayil ba. Ke kika ce a hana ta kinema?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni? Jiya da ita na ci shinkafa. Abinci ne, ta ci daidai misali in ranta yana so. Ƙwayoyin da ake tatsowa daga waken ake sayarwa a kwalba, su ne nake cewa kada ta sha sai ta tambaye ni. Babu wanda zai iya nuna kwano ɗaya ya ce shi ya kawo wannan ciwo."

Na ce ta rubuta mini. Ta rubuta layi biyu ta sa hannu.

Har na juya sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Kullum tambayar ke nan, me ta ci, me ta ci. Ba wanda ke tambaya yaushe aka fara ji."

Na tsaya. Na ce, "Yaushe aka fara ji?"

Ta mayar da tabaraunta ta ce, "Na gaba a layi ya shigo."

Yaushe. Tambayata ce, wadda nake koya wa yara, sai da wata ta tuna mini. An gaya mana cewa a watan Asoj ɗin nan Kanchi ta ji ƙullin, wata biyu da suka wuce, aka ruga da ita. Wa ya gaya mana? Tekbir.

Talata, 19 ga Mangsir, da safe

Na nuna wa Ama rubutun likita. Ta shafa takardar ta ce hannun yarinyar yana da kyau. Ta ce, "Likitoci suna da kirki, ba sa son tsohuwa ta ji ciwo."

Ta miƙo mini abata.

Alhamis, 21 ga Mangsir, da yamma

Ta faɗi a hanyar bayan gida. Ba ta karye ba. Da na ɗaga ta sai na ji kamar damin kara. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta auna ta, ta ce babu wani ciwo, yunwa ce, in aka ƙara mako biyu a haka sai dai ƙarin ruwa. Ama ta ce mata, "'Yar nan, wanda ya ciyar da guba ba ya neman ƙari."

Zan rasa ta a kan maganar mai lemu. Ga shi na rubuta.

Asabar, 23 ga Mangsir, ƙarfe goma na safe



Da safe Ama ta ce warin kwandon nan na ƙarƙashin matakala yana hana ta sakat, in kai shi rafi in zubar. Na jawo shi. Na kama igiyar zan ɗauka, sai na tsaya.

Ƙullin ba na Ama ba ne. Ama tana zagayawa ta dama sau biyu ta soke. Wannan ta hagu aka zagaya, aka bar kunne ɗaya dogo. Mutum ɗaya ce a duniya take ƙulli haka, Kanchi, bahaguwar da Ama ta gaji da dukan hannunta ta ƙyale. An kwance kwandon nan a can, an sake ɗaurewa.

A lokacin maganarta ta dawo mini. Ban taɓa mayar wa Ama kwando babu komai a ciki ba. Kowace yarinya a tsaunin nan ta san ba a mayar da mazubin tsaraba haka nan, ko lemu uku ne, ko shinkafa tafi ɗaya, sai an saka. Ta gaya mini a gaban mijinta, ƙiri-ƙiri, ni kuwa mai karatun gida na tsaya ina fushi.

Na zazzage kinemar a faifai. A can ƙasa, ƙarƙashin ganyen ayaba, ga leda an naɗe, cikinta takarda mai ninki huɗu, ta yi laushi kamar tsumma.

Takardar ma'aikatan lafiya ce, masu zagaya ƙauyuka suna duba mata. Sunan Kanchi. Zanen ƙirji, an yi da'ira a hagu. An rubuta: ƙulli mai tauri, a je babban asibiti cikin mako biyu. An ja layi biyu a ƙarƙashin mako biyun.

Kwanan wata: 9 ga Kartik, watan da Mangsir ke bi. Na bara.

A baya, da fensir, rubutun Kanchi mai kwantawa: "Ya ce bayan lemu. Sai ya ce bayan biki. A akwatinsa na samo. Kada Ama ta ɗauka ita ce."

Wata goma sha biyu cur takardar nan tana akwati kafin a kai ta asibiti. Mako uku kuma tana ƙarƙashin matakalata, ina wucewa ta kanta safe da yamma, uwata tana ƙanjamewa a ɗaki.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Shi da waken suya ya naɗe tasa.

Lahadi, 24 ga Mangsir, ƙarfe shida na safe

Maganar bara. Zan rubuta.

Ƙarshen Mangsir ne, lokacin jarrabawa. Kanchi ta zo kawo wa Ama lemu. Ina zaune a ƙasa, takardun yara sun kewaye ni. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a cikin mayafi, a nan gefen hagu. Ta ce, "Didi, in kin samu lokaci akwai abin da nake so in nuna miki."

Ban ɗaga kai sosai ba. Na ce, "Bayan jarrabawa, Kanchi."

Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Shi ya ce bayan lemu. Ni na ce bayan jarrabawa. Laifi tudu ne. Mako uku ina tsaye a kan nawa ina hango nasa.

Wannan bai wanke shi ba. Ni ban san me ke cikin mayafin ba, shi da takarda a hannunsa, da layi biyu a ƙarƙashi. Kuma ni ban ɗauki nawa na aza wa tsohuwa a ka ba. Amma na rubuta, don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Litinin, 25 ga Mangsir, ƙarfe huɗu na yamma

Na same shi a wajen awon lemu. Na ce ya zo bayan rumfa. Yayar mata ba ta miƙa wa mijin ƙanwa abu hannu da hannu, don haka na shimfiɗa kwafin a kan akwati na koma baya taku biyu. Ta ainihin tana inda ba zai samu ba.

Ya karanta. Ai ya san ta, amma ya karanta har ƙasa, kunnuwansa suka yi ja.

Na ce, "Kun yi alkawari ni zan fara ganin takarda. Kun cika, Juwai. Sai dai ba ku kuka kawo ba."

"Didi, ba ta jin zafi a lokacin. Ko kaɗan. Na ce abu ba ya ciwo, a bari a sauke lemu. Lemu ba ya jira."

"Shi kuma wancan ya jira?"

Ya zauna a kan akwati. Ya cire hular nan tasa yana murzawa, kamar ranar tiyata. "Da likita ta ce da an zo da wuri, sai na ji ƙasa ta tsage. A daren na ga mutumin nan a waya. Na ce to, ashe ba ni ba ne. Didi, so nake ya zama ba ni ba ne."

Na kusa jin tausayinsa. Na kusa.

Na ce, "Sai ya zama Ama."

"Ban zaci za ta daina cin abinci ba."

"Me kuka zata? Za ta yi rawa? Kun san ko cewa kuka yi rana daga yamma take fitowa, tsohuwar nan za ta juya gadonta."

"In na faɗa, da wane ido zan kalli mutanen garin nan? Da wane ido zan kalli 'ya'yana?"

"Da wanda kuka kalli direban jif."

Ya ce in ba shi lokaci. Bayan an gama lodin nan, bayan...

Na ce, "Kada ku kuskura ku ƙarasa."

Na gaya masa abin da nake so. Ba kuɗi, ba kuka, ba durƙuso. Ya zo gidanmu da matarsa da wayarta a hannunta. Ya zauna a sabuwar tabarmar da Ama za ta shimfiɗa masa. Ya ce mata da bakinsa, "Ama, ba ke ba ce, ni na yi kuskure." Sannan ya sa hannu a kwanon tagulla ya ci kinema a gabanta. Ko maganar takarda ba sai ya yi mata ba, wannan tsakaninsa da Kanchi ne, ita za ta yanke. Ni uwata nake so ta ci abinci.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Yanzu kun iya tambayar."

Da na dawo na auna wake mudu biyu na jiƙa.

Talata, 26 ga Mangsir, da azahar

Rabona da yin kinema da hannuna tun ina 'yar shekara sha biyar. Na tafasa waken har ya yi laushi, na tsiyaye, na zuba a turmi. Da gangan na jawo turmin kusa da ƙofar Ama. Da gangan na riƙa dukansa kamar mai daka tamba.

Ban yi bugu ashirin ba na ji murya daga ciki, siririya.

"Jethi. Fasa shi ake yi, ba kashe shi ba."

Na sassauta. Na debi toka cike da tafi, na tsaya inda za ta hango ni.

"Wannan tokar ta gina gida ce? Yatsa uku. Barbaɗawa ake yi."

Na barbaɗa. Na shimfiɗa ganyen ayaba a kwando, na juye waken da zafinsa. Kafin in rufe, sai ga ta a bakin ƙofa tana dafe da bango, zaninta yana neman zamewa. Ta sa bayan hannu a kan waken, ta ji ɗuminsa, ta ja ganyen ta lulluɓe da kanta, ta naɗe da buhu. Ta dama sau biyu, ta soke.

Sai ta tuna. Ta janye hannun ta ce, "Wa zai ci?"

Na ce, "Juwai. Ran Juma'a."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "In ya ci, zan ci."

Na ɗora kwandon a saman murhu, daidai kan farin tabon. Ta sha kunu rabin kofi, don ta samu ƙarfin yi mini faɗa gobe a kan wuta, in ji ta.

Tekbir, na aika maka ta bakin direban nan dai, ga shi kuma na rubuta a nan. Kinema kwana uku take yi a wannan sanyi, ba ta san bayan lemu ba. Ran Juma'a, 29 ga wata, da hantsi zan sauke kwandon. Jif ɗin farko yana isowa ƙarfe tara. Zan jira shi, zan jira na ƙarfe sha ɗaya.

In rana ta take babu kai, zan ɗauki kwandon a kaina in tafi kasuwa. Zan kwance akuyar nan, in ture tabarmar Sukmati, in zauna a kan dutsen Ama. Zan karanta rubutun likita da ƙarfi. Zan karanta ɗaya takardar, da kwanan watanta, da layi biyun, a wajen da ka yi taka shelar. Zan faɗi nawa ma, bayan jarrabawa, don kada wani ya riga ni. Kowace mace da ta tsaya saye, sai na tambaye ta yaushe rabon da ta taɓa ƙirjinta, in kuma ta ji wani abu, wa ya ce mata ta jira.

Sannan in hau jif in tsallaka kogi in ɗauko ƙanwata, ta zo ta ci a gaban uwarta, ko da bakinka ko babu.

Murhu yana ci. Ɗakin ya fara wari.